Yadda Labarin Makaranta Zai Isa Gida, Iyaye Kuma Su Sa Hannu

Shekara huɗu na yi ina riƙe da biron ƙungiyar iyaye da malamai, wato aikin sakatare, a firamaren Katolika da 'ya'yana uku suka yi a kudancin garin Kaduna. Zan yi magana da ke da aka ɗora wa wannan aiki kwanan nan, domin a yawancin makarantunmu mace ake ba shi, amma namijin da ya tsinci kansa a ciki shi ma ya karanta.

Abin da ya fara buɗe mini ido jakar autana ce. Wata Asabar ina wanke ta, sai na ga takarda a can ƙasa, ƙarƙashin robar abinci, ta sha manja ta manne da leda. Na ɓamɓare ta a hankali: gayyatar taron iyaye ce, kuma taron ya wuce da mako biyu. Da hannuna na rubuta ta, na kai aka buga, amma ko gidana ba ta isa ba. Daga ranar na daina cewa iyaye ba su damu ba. Da yawansu ba su ji ba ne.

To ki fara da tsayar da rana ɗaya ta aika takardar labarin makaranta gida. Mu Alhamis muka zaɓa, duk bayan mako biyu. Juma'a jaka takan kwana a bayan ƙofa har Litinin, Alhamis kuwa akwai aikin gida, dole a buɗe ta. Takarda ɗaya tal, gaba da baya, kuma a kan launi ɗaya kullum. Mun riƙe ruwan ɗorawa, har ta kai uwa na tambayar ɗanta, "Ina rawayar takardarku?" A ƙasanta ki bar ɗan fili da za a yage, a sa hannu ko a dangwala, yaro ya mayar wa malamar aji. Wannan guntun ne zai nuna miki gidajen da labari ba ya shiga.

Gaba da Turanci, baya da Hausa. Kada ki bari kowa ya ce miki ɓata takarda ne. A makarantarmu akwai Bajju, Atyap, Gbagyi, Adara, Tibi, Ibo da Hausawa, kuma harshen da ake ciniki da shi a bakin ƙofar makaranta Hausa ce. Yara da yawa a hannun kakanni suke, iyayen suna Abuja ko Legas wajen nema. Muka roƙi malaman aji huɗu zuwa shida su mai da karanta takardar aikin gida: yaro ya karanta wa na gida da ƙarfi. Kaka ta ji labari, jika ya ƙara gogewa a karatu.

Abin da za ki sa a ciki, ranaku su zo farko, da manyan baƙaƙe: jarrabawa, hutun tsakiyar zango, gasar wasanni, ranar karɓar sakamako, Ranar Yara ta 27 ga Mayu, lokacin rajistar 'yan aji shida. Bayan haka sai labarin yara. Nan ne ran takardar yake. Ajin da ya fi tsabta, yarinyar da ta tsinci kuɗi ta kai ofis, yaron da ya yi karatu a gaban jama'a ranar Mas (ibadar Katolika) ta buɗe zango ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Uwar da ta ga sunan ɗanta a buge ba ta kunna wuta da takardar, ajiye ta take a cikin Littafi Mai Tsarki ko a ƙasan akwati. Ki riƙe littafi ki riƙa yi wa sunayen da suka fito alama, domin kada 'ya'yan da ke cin na ɗaya su mamaye ko'ina. Kafin shekara ta ƙare, kowane yaro yana da abin yabo in an duba da kyau.

Sai barka da jaje. Wane gida aka haihu, wane gida aka yi rashi, malamin da ke kwance. Amma ki nemi izini tukuna, da baki, ba ta waya ba in da hali. Abu ɗaya ne ban taɓa yarda ya shiga ba, kuma na sha jayayya a kansa: sunayen waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba. Uba da aka tona wa asiri a takardar da ɗansa zai karanta da ƙarfi ba zai sake taka ƙofar taro ba. Maganar bashi ta ofis ce, tsakanin mutum da Sista mai kula da makarantar, ƙofa a rufe.

Kafin ki kai wajen mai fotokwafi, Sista ta gani, in akwai maganar kuɗi ko gini Fada ma ya gani. Makarantar ta Ikklisiya ce, su ne za a tambaya in wani abu ya fita a karkace. Ki kai musu tun Talata, kada ki tsaya musu a ka ranar Alhamis da safe.

Yanzu ga kuskuren da makarantunmu suka fi yi. Ana miƙa wa katikist sanarwa ya karanta bayan Mas ranar Lahadi, sai a ɗauka kowa ya ji. Ina iyayen ECWA da na Baptis? Ina Musulmi, waɗanda suka tsallake makarantu da dama suka kawo mana 'ya'yansu saboda sun yarda da tarbiyyar Sistoci? Sanarwar coci tana da kyau, ki riƙa bayarwa, ki kuma bai wa shugabar Zumuntar Mata kwafi, domin abin da ya shiga bakin matan zumunta ya zagaye unguwa. Amma ƙari ce kawai. Haka wajen sa ranar taro: ki ajiye kalanda biyu a gabanki, ki kauce wa Makon Tsarki (makon da ke kai wa ga Ista) da kwanakin Kirsimeti, ki kauce wa Juma'a da yammacin watan Ramadan da ranakun Sallah. Mu Asabar ƙarfe tara muke zama, mu tashi kafin sha ɗaya saboda masu zuwa ɗaurin aure da masu shago. Kirista ya buɗe da addu'a, Musulmi ya rufe. Wani Alhaji mai sayar da kayan gini ya faɗa mini cewa ranar da aka ce ya rufe taro da addu'a, ranar ya ji makarantar tasa ce.

WhatsApp ki raba shi biyu: zaure ɗaya na sanarwa wanda shugabanni kaɗai ke rubutu, ɗaya na hira. In kika haɗa su, sanarwar jarrabawa za ta nutse a cikin gaisuwar safiya da tallan atamfa. Ki riƙa karanta takardar a saƙon murya da Hausa, kada ya wuce minti biyu. Masu ƙaramar waya a tura musu tes, amma ki sani saƙo ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, da zarar kin sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, kuɗin ya ninka. A tes kaɗai nake rubutu babu lanƙwasa. Kuma saboda halin tsaron da muke ciki, kada a sa hoton yara da kayan makaranta a zaure, kada a faɗi ranar fita yawon buɗe ido ko hanyar da mota za ta bi. Irin wannan a takarda, hannu da hannu.

Labari ya isa gida, saura iyaye su shigo. A nan ne na fi so ki saurare ni. In duk gayyatar da uba ya samu ƙarshenta "a kawo kuɗi" ne, zai daina zuwa, kuma ba zan ga laifinsa ba. Farkon zango na sayi littafin rubutu mai shafi tamanin, na zauna a bakin ƙofa lokacin tashi, ina tambayar duk wanda ya zo ɗaukar yaro: "Baba, wace sana'a ake yi? Mama, me hannunki ya iya?" Na sami kafintoci, teloli, nas, mai walda, direban tanka, mai toya ƙosai. Daga nan na daina rubuta "muna neman taimakon iyaye". Sai in je wajen mutum ɗaya da aiki ɗaya mai iyaka: benci shida ne suka karye a aji biyu, Asabar ɗaya za ta ishe ka?

Akwai wani dattijo mai kawo jikarsa a keke, tsohon makanike a masaƙun Kakuri kafin su rufe. Bai taɓa buɗe baki a taro ba. Da famfon burtsatsenmu ya tsaya, na tare shi na ce, "Baba, ko za ka duba mana?" Washegari ya zo da jakar buhu cike da sifana, ya cire hula ya rataye a reshen mangwaro, ya kwance injin a kan tabarma, 'yan aji biyar sun kewaye shi yana gaya musu sunan kowane ƙarfe. Da ruwa ya zubo Sista ta fito da ambulan. Ya ture hannunta ya ce, "Haba Sista, jikata fa ke shan ruwan nan." Shi ne ya zaunar da ni daga baya ya ba ni tarihin da ban riƙe da kyau ba: yadda limaman Katolika na SMA, ƙungiyar mishan ta Afirka, suka kafa mishan a Shendam a 1907, yadda makarantu suka bi bayan coci, da yadda gwamnati ta karɓe su a farkon shekarun 1970, St. John's ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Queen Amina. Ya ce irin tamu ta yanzu da baiko da kuɗin baza (kasuwar tara kuɗi ta coci) aka ɗora bulonta, don haka ba ta da wani mai ita da ya wuce mu. Fada ma yakan tuna mana cewa takardar Majalisar Vatikan ta Biyu kan ilimi, ta 1965, ta kira iyaye malaman farko na 'ya'yansu. Na roƙi Baban ya maimaita tarihin a gaban 'yan aji shida, ya kuwa yi.

Kada ki manta da kakanni mata. Muna da rabin sa'a ta tatsuniya sau ɗaya a wata a ƙananan azuzuwa. Kaka ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", aji ya amsa "Ta zo mu ji ta", ko ta yi da yarenta jika ya fassara. Nas ɗinmu kuma takan zo sau ɗaya a zango ta duba kawunan yara saboda makero, ta duba farce da haƙora. Duk wanda ya yi aiki, sunansa ya fito a takarda ta gaba, da abin da ya yi dalla-dalla.

In kuɗi ya zama dole, ki faɗi na mene ne, nawa ake nema, yaushe za a gama. Kowa ya karɓi rasit. Ma'aji ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a kowane taro, a liƙa kwafi a allon sanarwa kusa da ƙofa, inda mai jiran yaro zai karanta a tsaye.

Ranar da na miƙa aiki, abu uku na bai wa wadda ta gaje ni: fayil ɗin duk takardun da muka fitar, littafin sana'o'in iyaye, da jerin gidajen da guntun takardarsu ba ya dawowa. Na ce ta fara da na ukun, ta ɗauki malamar ajin yaron su je gidan da ƙafa, da yamma bayan an sauko daga kasuwa.