Yadda ake rubuta kundin yaro mai matsalar magana da tsara aikinsa

Na taɓa yin mako shida ina rubuta "yana samun sauƙi" a kundin wani yaro a Garwa, arewacin Kamaru. Da rashin lafiya ta kwantar da ni, abokiyar aikina ta buɗe kundin ta rasa inda za ta kama. Sauƙin me? Daga ina zuwa ina? Dole ta koma farko, kuɗin babur ɗin da uwar ta yi ta kashewa ya tafi a banza. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake so sababbin shiga wannan aiki su kauce wa irinsa.

Ranar farko, bayan gaisuwa, ka bar uwa ta yi bayani, ka rubuta da bakinta. In ta ce "sai ya ja ni da hannu ya nuna randa", haka za ka sa. Sannan ka bi tarihi: yadda haihuwar ta kasance, ko ya yi shawara yana jariri, ko ya taɓa sanƙarau, ƙyanda, zazzaɓin da ya kai ga jijjiga, ko kunne mai ruwa. Yankinmu yana cikin ƙasashen da sanƙarau ke yawan bugawa lokacin zafi, kuma yana iya tafiya da ji. Saboda haka kafin ka fara koyar da komai, a gwada kunne, ka rubuta ranar da sakamakon.

Abu na biyu, harsuna, kuma nan aka fi tafka kuskure. Yaro ɗaya yana jin Hausa a ɗaki, Fulatanci a ƙofar gida, Faransanci a makaranta, Larabci a makarantar allo. Ka rubuta wa yake masa wane harshe. In za ka ƙirga kalmominsa, haɗa na duka harsunan. Ɗan shekara 2 ana sa ran ya kai kalma 50 ko kusa, ya fara haɗa biyu, kamar "Inna ruwa". Wanda ya ce "ndiyam" da Fulatanci yana nufin ruwa, kalma ce, a lissafa masa. Haka kuma in ya ce "kafa" maimakon "ƙafa", saurari bakin mutanen gidansu tukuna. Fulatanci ba shi da ƙ, kuma Hausawa da yawa a nan ba sa fitar da ita. Yawan harsuna ba ya hana yaro magana, ka faɗa wa iyaye hakan, hankalinsu ya kwanta.

Na uku, buri. Biyu ko uku sun isa, amma su zama masu ƙirguwa. "Ya iya magana" fata ne kawai. Rubuta: "Nan da wata 3 zai roƙi abu da kalma biyu, sau 8 cikin 10, ba tare da an fara faɗa masa ba." Ka tambayi uwa wanne ya fi damunta. Sau da yawa abin da take so shi ne ya iya cewa cikinsa na ciwo.

Bayan kowane zama, kafin na gaba ya shigo, rubuta abu huɗu: abin da aka ce maka daga gida, abin da ka gani da adadinsa, fahimtarka, da abin da za a yi nan gaba. Kada ka gauraya na biyu da na uku. "Ya ƙi aiki" hukunci ne. "Ya amsa 2 cikin 10, yana hamma, bai karya ba" shi ne abin da ya faru. Rubuta kwanan wata, ka sa hannu.

Wajen tsara zuwa kuwa, duba rayuwar gidan. Kada ka sa wa mai sayarwa a kasuwar Pitowa, kusa da Garwa, aikin gida mai yawa ranar Lahadi, ranar da kasuwar ke ci. Da damina hanyoyin ƙauye na lalacewa, ga noma, gara zama ɗaya a wata da aikin minti goma kullum a gida. Rubuta sunan wanda zai yi da shi, ko yayarsa ce ko kakarsa, ka zana musu hoto in ba sa karatun boko.

Kundin ya zauna a kulle, kada hotonsa ya hau WhatsApp sai da yardar iyaye. In wata uku ta cika, ku zauna da su ka karanta musu adadin farko da na yau. Idan bai motsa ba, sauya dabara ko ka tura yaron wurin likita da takardar da ke ɗauke da waɗannan adadi.