Kurakuran da muke tafkawa wajen gardama kan koci da kwatabak a ƙwallon jami'o'in Amurka

Duk ranar Asabar daga ƙarshen Agusta zuwa Disamba, da zarar an tashi wasan ƙwallon Amurka (American football) na jami'o'i, zance biyu ne ke cika bakin magoya baya: koci bai san aikinsa ba, kuma a cire kwatabak, wato ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo ya jefa ta, ya jagoranci hari. Ina son wannan gardamar, don tana cikin daɗin wasan. Sai dai akwai kurakuran da ke lalata ta, kuma suna da gyara.

Babban cikinsu shi ne auna shawarar koci da yadda wasa ya ƙare. Ranar 8 ga Janairun 2018, a wasan ƙarshe na cin kofin ƙasa, Georgia na gaban Alabama da ci 13 da nema aka tafi hutun rabin lokaci. Kocin Alabama na lokacin, Nick Saban, ya ajiye kwatabak ɗinsa Jalen Hurts, wanda sau 2 kacal aka doke ƙungiyar a hannunsa cikin kaka biyu, ya sa Tua Tagovailoa, ɗan shekarar farko. Alabama ta ci 26 da 23 a ƙarin lokaci, kowa ya ce Saban gwani ne. An manta cewa kafin jifan yadi 41 da ya ba DeVonta Smith, an kayar da Tua ya yi asarar yadi 16. Da wannan jifan bai shiga ba, bakin da ya yabi Saban shi zai tsine masa. Abin da ya sa shawarar ta zama daidai tun kafin a ga ƙarshenta shi ne, Hurts yadi 21 kawai ya samu ta jifa a rabin farko, kuma wanda ake bi maki 13 yana buƙatar mai jifa mai nisa. Gyaran ke nan: ka tambayi kanka me koci ya sani a lokacin da ya yanke hukunci, da sauran lokacin da ke kan agogo, da wanda yake da shi a benci.

Wannan ma'aunin ba kare koci yake yi ba. A Oktoban 2023 Miami na gaban Georgia Tech 20 da 17, saura bai kai minti ɗaya ba, abokan karawa ba su da damar tsayar da agogo. Da kwatabak ɗin Miami ya durƙusa da ƙwallo kawai, da wasa ya ƙare. Amma kocin Miami, Mario Cristobal, ya bari aka ruga da ita, ta kuɓuce, aka doke su 23 da 20. Ko da ba ta kuɓuce ba, kuskure ne, kuma shi da kansa ya amsa laifinsa.

Sai ɗora wanda ke benci a kan wanda ke fili. Na benci kullum gwani ne a idon mai kallo, don ba a ga kuskurensa ba tukuna. A kakar 2021 magoya bayan Georgia da dama sun matsa wa kocinsu Kirby Smart ya dawo da JT Daniels, yaro mai tauraro biyar, wato matsayi mafi girma da ake ba 'yan wasan sakandare, ya ajiye Stetson Bennett, wanda ya fara shiga ƙungiyar ba tare da tallafin karatu ba. Smart ya ƙi. Bennett ya ɗauko kofin ƙasa sau biyu a jere, na 2021 da na 2022. Koci na ganin atisaye duk mako, mu kuwa sa'o'i uku na Asabar muke gani.

Taurarin nan ma ana yi musu mummunar fahimta ta fuska biyu. Kafofi irin su 247Sports da Rivals ne ke ba 'yan sakandare tauraro, kuma hasashe ne kan yaro ɗan shekara 17. Wasu na ɗaukar tauraro biyar tamkar an gama komai. Wasu kuma sai su kawo Baker Mayfield, da ya shiga Texas Tech babu tallafi ya kuma lashe kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'a na shekara, a Oklahoma a 2017, su ce taurari banza ne. Masu tauraro biyar kusan 30 ne a shekara, masu uku kuwa sun fi dubu, to dole a samu zakaru a cikin dubun. Ka ɗauki tauraro a matsayin alama mai ƙarfi, ka kuma duba tsarin da za a sa yaron. Joe Burrow ya zauna a bencin Ohio State, ya koma jami'ar Louisiana State (LSU) a 2018 ya yi jifan ci 16. A 2019 da aka sauya tsarin hari, Joe Brady ya shigo a matsayin kocin tsarin jifa, ga Ja'Marr Chase da Justin Jefferson suna cafkewa, sai ya yi 60.

Kar kuma ka yi shagali don yaro ya ce ya zaɓi jami'arku. Alkawarin baka ne, sai ya sa hannu. Quinn Ewers ya yi wa Texas alkawari, ya juya zuwa Ohio State, bayan kaka ɗaya ya dawo Texas.

Na ƙarshe ya fi damuna, wato kiran yaro maci amana don ya sauya sheƙa. Tun Oktoban 2018 aka buɗe rajistar masu neman canjin makaranta, daga Yulin 2021 kuma aka ba 'yan wasa damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu. Kwatabak ɗaya ne ke tsayawa a fili, shekarun wasa a jami'a kuma ƙididdigaggu ne. Hurts ya haƙura ya yi kakar 2018 a benci, har ya shigo ya ceci Alabama daga hannun Georgia 35 da 28 a wasan ƙarshe na gasar SEC, rukunin jami'o'in da Alabama da Georgia ke ciki, lokacin da Tua ya ji rauni. Daga nan ya tafi Oklahoma, ya zo na biyu a zaɓen Heisman na 2019, bayan Burrow.