Yadda za ka zaga Kuala Lumpur da jakar goyo ɗaya

Bikin yaye ƙanena daga jami'a ne ya kai ni Malesiya. Da aka gama ɗaukar hotuna kowa ya watse, sai na ƙara kwana shida ni kaɗai a Kuala Lumpur, daga ni sai jakar goyon da na saya a Kasuwar Barci. Tun da na dawo 'yan majalisarmu a Tudun Wada ke tambayata yadda aka yi guzurina ya kai ni.

Fara da takardu. Ba a ba ɗan Najeriya biza a filin jirgin can, sai ka samo ta tun daga gida, kuma ofishin jakadancinsu na Abuja. Ka riƙe katin rigakafin shawara, ka cike fom ɗin shiga ƙasa da ake kira MDAC a intanet cikin kwana uku kafin ka sauka. Tikitin dawowa da shaidar masauki ka buga su a takarda, don waya ba ta da amana, daidai gaban jami'i take mutuwa. Babu jirgin da ke zuwa kai tsaye, sai an yada zango a Doha ko Addis Ababa ko Istanbul.

Sai maganar saƙo. Da an ji za ka tafi, wannan ya kawo ƙullin yaji a kai wa ɗansa, wancan ya kawo kwali naɗe da salatif. Duk abin da ba a buɗe a gabanka ba, kada ka karɓa, ko da na surukinka ne. Dokar miyagun ƙwayoyi a Malesiya tana iya kaiwa ga hukuncin kisa, kuma "ba nawa ba ne" ba ya fitar da mutum. Gara a yi fushi da kai a Kaduna.

Jakar kada ta wuce kilo 7, yadda za ka shiga jirgi da ita a bayanka. Kaftani marar nauyi biyu, wando biyu, 'yan ciki, silifas, ƙaramar lema da kwaɗo sun isa. Babu hunturu a can, gumi ne shekara zagaye, abin da ka wanke da dare shi za ka sa jibi. Babbar rigar da na tafi da ita don bikin, ƙanena na bar wa. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, cajarka za ta shiga.

Filin jirgin yana Sepang, nesa da gari. Jirgin ƙasa na KLIA Ekspres zai kai ka tashar KL Sentral cikin kamar rabin sa'a, ringit 55 lokacin da na je. Bas kuwa ba ta kai sulusin haka ba, sa'a guda take yi. Bas na hau. Wanda ya saba zaman jira a tashar Rigasa, sa'a ɗaya ba ta ba shi tsoro.

Dabarar tafiyar duka tana wurin masauki: ka kama shi kusa da tashar jirgin ƙasa, Pasar Seni ko Masjid Jamek. A unguwar akwai masaukan 'yan yawon duniya, ɗaki guda mai gadaje hawa biyu, kowa da akwatinsa na ƙarfe, nan kwaɗonka zai yi aiki. Akwai harajin ringit 10 da ake ɗora wa baƙo kowane dare, ka sa shi a lissafi. Ka nemi a nuna maka ɗakin kafin ka biya. Daren farko na biya kwana uku a dunƙule, ashe ɗakin ba taga, ƙasansa kuma wurin kiɗa ne. Da safe na tattara, kuɗin kwana biyun na bar musu sadaka ba da son raina ba.

Ka sayi katin Touch 'n Go ka zuba masa kuɗi, da shi ake shiga jiragen cikin gari: LRT, MRT da Monorail. Ka lura da taragun mata zalla, mai alamar ruwan hoda. Na taɓa faɗawa ciki da gudu, sai da wata dattijuwa ta nuna mini rubutun da yatsa, na fita a tasha ta gaba da kunya. In dare ya yi, ka kira mota ta manhajar Grab a wayarka. Tuƙinsu a hagu ne, saboda haka dama za ka fara dubawa kafin ka tsallaka titi, kuma wayarka kada ta kasance a hannun da ke gefen kwalta, akwai masu fizge a kan babur.

Agogonsu na gaban namu da sa'a 7. Asuba wajen ƙarfe shida take, azahar bayan ɗaya, magariba bayan bakwai, ruwan sama kuma ya fi son la'asar. A kan wannan na gina yinina. Tafiyar ƙafa da safe: Masjid Jamek, wanda aka buɗe a 1909 daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu, kuma daga wannan mahaɗa mai taɓo garin ya samo sunansa, daga nan Dataran Merdeka, filin da ke tuna 'yancin kansu na 31 ga Agustan 1957, sannan babban masallacin ƙasa, Masjid Negara, na 1965. Gidan adana kayan fasahar Musulunci yana bayansa, can za ka fake wa rana da ruwa, ka kalli tsoffin Alƙur'anai rubutun hannu. Duk inda ka ga an rubuta surau, wurin salla ne, a tasha ko a kanti. Shafi'iyya ne su, kada ka rikice in liman ya ɗago daga ruku'u a asuba ya ɗaga hannu yana alƙunutu a bayyane.

Tagwayen benayen Petronas hawa 88 ne, mita 452. A ganina kuɗin hawa bai cancanci mai ƙaramin guzuri ba. Je lambun da ke gindinsu bayan magariba, an kunna fitilu, kallo kyauta. Batu Caves kuwa wurin bautar Hindu ne cikin kogon dutse, matakala 272, jirgin KTM Komuter ke zuwa daga KL Sentral. Ka yi sammako, kuma kada ka riƙe leda. Biri ya raba ni da ayabata tun ban kai rabi ba.

Abinci shi ne wurin da na more. Shagunan mamak na Indiyawa Musulmi su ne mai shayinsu, wasu ba sa rufewa: roti canai, wato wani burodi mai faɗi da ake toyawa a kasko, da miya, sai teh tarik da ake shiƙa daga kofi zuwa kofi kamar na Malam mai shayin bakin layinmu. Ka ce "kurang manis" a rage sukari, in ba haka ba zuma za ka sha. Da safe ka nemi nasi lemak, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da gyaɗa da ƙananan kifi da yaji, mafi daɗi a Kampung Baru. Titin Jalan Alor ya yi suna, amma akwai naman alade da giya, sai ka duba tambarin halal kafin ka zauna.

Tsaraba sai ranar ƙarshe, a kasuwar titin Petaling Street. Ka taya rabi, in an ƙi ka juya, za a kira ka. Mayafai huɗu na saya wa Hajiya da maiɗakina, su kaɗai jakar ta iya ɗauka, na ware ringit 20 a aljihun gaba na bas ɗin komawa filin jirgi.