Yadda ake shiga harkar tallan kayan ƙawa har a kai Faris da Milan

Labarin da aka fi yayatawa shi ne na yarinyar da take tafiyarta wani ya tare ta ya ce fuskarta ta dace da mujalla. Yana faruwa kuwa. Kate Moss tana da shekara 14 Sarah Doukas ta Storm, kamfanin da ke wakiltar 'yan talla, ta hango ta a filin jirgin JFK na Niyok a 1988. Iman tana ɗaliba a Nairobi mai ɗaukar hoto Peter Beard ya tare ta, ta tafi Amurka a 1975. Anok Yai kuwa hoto ɗaya aka ɗauke ta a bikin jami'ar Howard ta Amurka a 2017, ya bazu a Instagram, kamfanoni suka yi ca a kanta. Sai dai irin waɗannan labarai sun cuci 'yan mata da dama. Wata ta zauna jiran a gano ta har shekaru suka wuce, wata kuma ta faɗa hannun mutum na farko da ya ce mata shi mai farautar fuskoki ne. Hanyar da ke hannunki daban ce: ke za ki kai kanki. Da mata nake magana, amma kusan duk abin da zan faɗa ya shafi maza.

Fara da awo

Cire takalmi, jingina da bango, a ɗora littafi a kanki a yi alama, a auna da tef. Ga masu hawa dandamali, wato masu tafiya sanye da sabbin kaya a gaban 'yan kallo, kamfanoni sun fi neman mace daga santimita 175 zuwa 180, namiji daga 183 zuwa wajen 190. Dalili ba wani sirri ba ne: kayan nuni guda ɗaya ake ɗinka kowanne, a kan awo ɗaya, sai a nemo jikin da zai shiga. Kate Moss ba ta kai wannan tsayin ba, amma kada ki gina shirinki a kan sa'ar mutum ɗaya. Auna ƙirji, ƙugu da mazaunai, duk a santimita, ki rubuta gaskiya. Ranar da kika shiga ofishinsu tef ne zai fara gaishe ki, kuma wadda ta ƙara wa kanta santimita uku ta zubar da amanarta tun kafin ta zauna.

Idan tsayin bai kai ba, akwai tallan kayan shafa, tallan shagunan intanet da ɓangaren masu jiki, kuma can ma ana samu. Abin da ba a yi shi ne horar da kai da yunwa don a shiga awo. Tun 2017 Faransa take neman takardar likita kafin mai talla ta yi aiki, rama kuma ba ta ƙara tsayi. Batun shekaru ma ya canja. Rukunin Kering, mai gidajen kayan ƙawa na Gucci da Saint Laurent, ya sanar a 2019 cewa daga 2020 zai daina ɗaukar masu shekaru ƙasa da 18. In ba ki kai ba, babu takardar da za a sa wa hannu sai da iyayenki, karatu kuma ba a ajiye shi.

Hotunan farko

A nan na ga mutane sun fi faɗuwa, kuma da kuɗinsu suke sayen faɗuwar. Yarinya za ta tara abin da take da shi ta tafi situdiyo, a shafe ta da hoda, a liƙa mata gashin ido, a ɗora gashin kanti, a kunna fitilu, sannan mai hoto ya zauna gaban kwamfuta ya goge fatar har ta daina kama da ta mutum. Hoton ya yi kyau, ba musu. Amma wanda zai duba shi a kamfani ba kyau yake nema ba. So yake ya ga ƙashin fuskarki, tsawon wuyanki, yadda kafaɗa ta zauna, tsawon ƙafa idan an gwada da gangar jiki, da ainihin fatar. Duk abin da ya rufe waɗannan, wuce hoton zai yi.

Waya ta isa. Nemi bango fili mai launi ɗaya, ki tsaya inda hasken rana ke shigowa ta taga ya sauka a fuskarki, da safe ko da la'asar. Rana tsaka tana zuba inuwa a ƙarƙashin ido, hasken kwan lantarki kuma yana canja launin fata. Wanke fuska, ki ɗan shafa mai kawai. Sa riga da wando baƙaƙe marasa zane waɗanda suka bi jiki, ki cire ɗan kunne da sarƙa. A tattara gashi baya don kunne da goshi su fito.

Wani ne zai riƙe wayar, ba ke ba. Hoton ɗauki-da-kanka yana kumbura hanci ya ƙanƙance haɓa, saboda kyamarar ta yi kusa da yawa. Mai ɗauka ya ja baya, ya riƙe wayar a miƙe daidai ƙirjinki. Idan ya durƙusa ƙafa za ta yi tsawon ƙarya, su kuma sun san wannan dabarar sarai. A goge gilashin kyamara tukuna. Sai abin da kusan kowa ke mantawa: wayoyi da yawa suna zuwa da gyaran fuska a kunne, suna sulɓe fata su haska ta ba tare da an tambaye su ba. Shiga saitin kyamara ki kashe shi. Baƙar fata mai sheƙi na cikin abin da ake nema, ga wayarki tana wanke miki ita.

Ɗauki fuska ta gaba ba murmushi, gefen dama, gefen hagu, ɗaya da murmushi haƙora a waje, sannan tsayuwa cikakkiya ta gaba, ta gefe da ta baya, hannu a sake. Babu karkata ƙugu, babu turo baki. Ƙara ɗan gajeren bidiyo: ki faɗi sunanki, shekarunki da tsayinki, ki taho wajen kyamara, ki juya ki koma. Ki tura ainihin fayil ɗin, domin hoton da ya bi ta WhatsApp ya riga ya dushe.

Mai rufe kai ta ɗauki nata da siririn mayafi mara ado wanda bai ɓoye fuska ba, ta kuma faɗi sharaɗinta tun a saƙon farko. Halima Aden ta shiga kamfanin wakilci na IMG a 2017 da hijabinta, ta hau manyan dandamali, amma a 2020 ta janye, tana cewa sannu a hankali aikin ya riƙa ja mata iyakar da ta shata. Duk abin da ba za ki sa ba, a rubuta shi dalla-dalla.

Inda ake turawa

Manyan kamfanonin wakilci irin su Elite, IMG, Next, Storm da Ford suna da fom a shafinsu na intanet, kyauta. Nan za ki cike. Gasa ma hanya ce: Oluchi Onweagba ta ci Face of Africa a 1998 ta wuce Niyok, Mayowa Nicholas ta fito ta gasar Elite Model Look ta Najeriya a 2014. Shiru shi ne amsar da aka fi samu. Bayan wata shida ki sake ɗauka ki sake turawa, domin fuskar da ake yayi tana canjawa.

Doka ɗaya ce a nan, ba ta da togiya: kamfanin gaskiya daga aikinki yake cin la'ada, ba ya karɓar kuɗin rajista. Wanda ya ce ki biya kuɗin fom, kuɗin biza ko kuɗin horon dole, ɗan damfara ne. Wanda ya nemi hoton tsiraici ko ya ce ku haɗu a ɗakin otal, ya wuce damfara, toshe shi. In saƙo ya zo da sunan babban kamfani, duba adireshin imel ɗin ko na kamfanin ne, ki nemo lambar ofishinsu da kanki ki tambaya ko sun san mutumin. Masu safarar mutane ma da wannan rigar suke fakewa.

Uwar kamfani da bashin da ba a faɗa miki

Da wuya sabuwar fuska ta tashi kai tsaye zuwa Faris. Yawanci ƙaramin kamfani ne zai fara ɗaukarki, ya horar da ke, ya haɗa ki da wakilai a kowane birni. Shi ne uwar kamfaninki, kuma yana da kaso a duk inda kika yi aiki, galibi wajen kashi 10 cikin ɗari. Zaɓen nan ya fi duk wani zaɓe nauyi. Tambaye su sunayen waɗanda suka fitar, da kamfanonin da suka kai su, ki je shafukan waɗannan kamfanoni ki ga ko suna nan. In da hali ki yi magana da ɗaya daga cikinsu ba a gaban shugaban ba.

Sai lissafi. Tikitin jirgi, gadon kwana a gidan da ake tara 'yan talla, kuɗin kashewa na mako, buga katin hotonki, motar da ta ɗauko ki daga filin jirgi, har sa hotonki a shafinsu, kusan duk bashi ne ake rubutawa a sunanki. A Niyok la'ada kashi 20 ce. A Faransa, bayan la'ada da haraji da kuɗin inshora, abin da ke isowa hannunki ba ya kai rabi. Daga ragowar ne za a cire bashin. Shi ya sa za ki ga yarinya ta yi nuni a Milan, hotonta ya zaga duniya, ta koma gida ana bin ta kuɗi.

Kafin ki sa hannu, a ba ki amsa a rubuce: idan aiki bai biya bashin ba, wa zai ɗauka? Shekara nawa ne kwantiragin, yana sabunta kansa ne, ta yaya ake fita? Za a riƙa ba ki takardar lissafi duk wata? Jihar Niyok ta fara aiki da doka a 2025 wadda ta tsayar da la'ada a kashi 20, kwantiragi kuma kada ya wuce shekara uku. Ko ba can za ki ba, yi amfani da wannan a matsayin ma'auni. Kuɗin lauyan da zai karanta miki takardar shi ne kuɗi ɗaya da nake cewa a kashe a farkon nan. Fasfonki kuma a jakarki yake kwana, ko wa ya nema.

Tafiya da tantancewa

Takalmi mai tsini, doguwar baranda, kullum. Taku mai tsawo, kafaɗa a sake, ido a kan abu ɗaya can nesa, ba rangwaɗa. Kalli nunin bara, ba na shekarun 1990 ba, salon tafiya ya sauya. Kamfaninki zai haɗa ki da masu hoto don a cika kundin hotunanki.

Manyan makonnin nuni sau biyu ne a shekara, Fabrairu zuwa Maris da Satumba zuwa Oktoba, daga Niyok a wuce Landan, Milan, a rufe da Faris. Kafin kowanne za ki yini kina zagaya wuraren tantancewa da katinki da takalminki a jaka, ki yi layi na awa guda don tafiyar da ba ta kai minti ɗaya ba. In aka ce an riƙe sunanki don wani nuni, cinikin biri a sama ne, ana iya sauke ki ko bayan gwajin kaya. Kada ki sanar da kowa sai kin sauko daga dandamalin.

Abin da ke ɗaga mutum shi ne babban gidan kayan ƙawa ya keɓe ki wa kansa ko ya ba ki buɗe nuni. Adut Akech, wadda ta taso a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya kafin danginta su koma Ostireliya, Saint Laurent ne ya keɓe ta a 2016. Anok Yai ta buɗe nunin Prada a 2018, baƙar fata ta farko da ta yi hakan tun Naomi Campbell a 1997. Daga nan mujallu suke biyowa, sai manyan tallace-tallace. Dandamali da mujalla suna ne kawai, kuɗinsu kaɗan ne. Kuɗin yana tallan turare, kayan shafa da shagunan intanet, don haka kada ki raina aikin da ba a yayatawa, ko aikin wata biyu a Tokyo ko Seoul. Amurka ba a aiki da bizar yawon buɗe ido, kamfani ne zai nema miki ta aiki, da hujjar ayyukan da kika riga kika yi. A kowane talla kuma ki tambayi wata nawa za a yi amfani da hotonki, a waɗanne ƙasashe, domin in wa'adin ya cika suka ci gaba, sabon biya ne.