Masu neman jinsi ɗaya a jami'o'in Birtaniya: inda taimako yake da yadda ake rufa asiri

A makon farko na zangon karatu, wanda yakan faɗo wajen ƙarshen Satumba, ƙungiyar ɗalibai ta kusan kowace jami'a a Birtaniya takan cika babban zaure da teburori, kowace ƙaramar ƙungiya tana tallar kanta ga sababbin zuwa. Ɗalibin da ya sauka daga Kano ko Zariya kwana uku da suka wuce zai ga teburin ɗalibai Musulmi ana raba jadawalin lokutan salla, ga na 'yan ƙwallo, ga na 'yan Najeriya, sannan ba da nisa ba ga wani da aka lulluɓe da tuta mai launin bakan gizo, an rubuta LGBT a jikinsa. Mafi yawan mutanenmu kan kau da kai su ƙara sauri. A cikin masu ƙara saurin nan akwai wanda ƙyama ce ta sa shi, akwai kuma wanda ya san maganar ta shafe shi, amma tsoron idon ɗan garinsu ya hana shi tsayawa. Da wannan na biyun nake magana, ko da yake na farkon ma yana da abin da ya kamata ya sani. Zan riƙa cewa masu neman jinsi ɗaya, domin kalmomin luwaɗi da maɗigo sun riga sun zama zagi a bakinmu, kuma haruffan nan huɗu na LGBT sun haɗa har da masu sauya jinsi.

Tsoron da ɗalibi ya taho da shi yana da tushe. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga wanda ya kafa ko ya shiga ƙungiyar masu wannan ɗabi'a, ban da hukuncin da ke cikin dokokin shari'a na jihohi 12 na Arewa. A Maris na shekarar 2014 ɗin ce kuma aka fara ɗaura irin wannan aure bisa doka a Ingila. Abin da ya fi shafar ɗalibi shi ne dokar daidaito ta 2010, wadda ta lissafa abubuwa tara da aka haramta nuna wa mutum bambanci a kansu, ciki har da addini da launin fata da jinsin da mutum yake nema. Dokar ta hau kan jami'o'i wajen ɗaukar ɗalibai da koyarwa da ba da masauki, kuma ba ta ware baƙo daga ɗan ƙasa ba. Dokar da ta hana malami ya wulaƙanta ɗaliba saboda hijabinta ita ce dai ta hana a tsangwami wani saboda wanda yake so. Don haka wanda addininsa bai yarda da abin ba, ba wanda zai tilasta masa ya sauya aƙida, amma zagi ko barazana ko tona asirin abokin karatu laifi ne da zai iya kai shi gaban kwamitin ladabtarwa, kuma wanda aka kora daga makaranta bizarsa ma ta tafi.

Tambayar da ta fi damun mutanenmu ita ce ko labari zai kai gida. Ta ɓangaren jami'a, ɗalibin da ya kai shekara 18 baligi ne a idon doka, kuma dokar kare bayanai ta 2018 ta hana a ba wani bayanansa ba da izninsa ba, ko da kuwa mahaifinsa ne da ke biyan kuɗin makaranta ya bugo waya. Hukumar da ta ɗauki nauyin karatu, irin su PTDF, wato asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya, ko gwamnatin jiha, abin da ake aika mata shi ne rahoton karatu da na kuɗi. Inda ake keta wannan ƙa'ida shi ne idan aka ga rai na cikin haɗari. Saboda haka akwai wurare biyu a takardar rajista da ya kamata a tsaya a kansu da natsuwa. Na farko shi ne tambayar jinsin da mutum yake nema, wadda ake yi don ƙididdiga, kuma a ƙarƙashinta akwai zaɓin ƙin amsawa. Na biyu shi ne sunan wanda za a kira idan wani abu ya faru. Ba dole ba ne ya zama uba ko yaya, kuma ana iya sauya shi daga baya.

A ganina asiri bai cika fita ta ofis ba, ta waya yake fita. Wani ya ɗauki hoton taro ya sa a Instagram, fuskarka tana can gefe, wani ɗan garinku ya gani ya tura zauren WhatsApp na 'yan Najeriya, kafin gari ya waye hoton ya isa wayar gwaggo. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta wuyar janyewa. Ƙungiyoyin LGBT na jami'o'i da yawa sun san da wannan, shi ya sa sukan bar mutum ya halarci zama ba tare da rubuta suna ba, wasu ma suna da zama na musamman ga waɗanda ba su bayyana kansu ba. Ya dace mutum ya aika wa shugabannin ƙungiyar saƙo tun kafin ya je, ya tambayi wa ke ganin jerin sunayen mambobi, da kuma ko ana ɗaukar hoto. Wanda zai koma gida hutu kuma ya tuna cewa dokar 2014 tana nan, kuma masu yaudarar mutane ta manhajar neman abokai su yi musu ƙwace da barazanar tonon asiri, abin da ake kira kito a Najeriya, suna nan su ma. Ya duba abin da ke cikin wayarsa kafin ya hau jirgi.

Ba zan ɓoye ba, ɗan Arewa zai iya shiga ƙungiyar jami'a ya ji shi bare ne a can ma. Tarurruka da yawa a mashaya ake yin su, kuma shawarar da aka saba bayarwa, wato mutum ya fito ya faɗa wa iyayensa, an gina ta ne a kan rayuwar wanda ba shi da ƙannen da aurensu zai lalace saboda sunansa. Babu wanda yake da hurumin matsa wa ɗalibi ya bayyana kansa. Wanda ke son zama da waɗanda suka san azumi da salla da nauyin iyaye, akwai Imaan, ƙungiyar Musulmi masu neman jinsi ɗaya da aka kafa a Landan a 1999, akwai kuma irinta mai suna Hidayah. Kirista yana da ƙungiyar House of Rainbow, wadda Jide Macaulay ya fara a Legas a 2006. Jami'o'i da yawa suna da limami a ofishin kula da addinai, amma fahimtar limamai ta bambanta, gara mutum ya fara jin bakinsa a kan wasu al'amura kafin ya buɗe masa ciki.

Sashen jami'a na ba da shawara kan damuwa kyauta ne, sai dai ana yin layi, musamman gab da jarrabawa, kuma yawanci zama kaɗan ake bayarwa, don haka a nemi wuri da wuri. A zaman farko a tambayi ma'aikacin kai tsaye wa zai iya karanta abin da yake rubutawa. Idan dare ya yi kuma ƙunci ya yi yawa, 'yan ƙungiyar agaji ta Samaritans suna amsa waya kyauta dare da rana a lamba 116 123, ƙungiyar Switchboard kuma tun 1974 take sauraron kiran masu neman jinsi ɗaya. Wanda aka tsangwama ko aka yi wa barazana ya adana saƙonnin, ya kai ofishin shawara na ƙungiyar ɗalibai, wanda ke cin gashin kansa daga hukumar makaranta, ko ya nemi ƙungiyar Galop, mai taimakon masu neman jinsi ɗaya da aka ci zarafinsu. Idan abin ya kai ga duka ko haɗari na nan take, 999 ake kira.

Ta fuskar lafiya, ɗalibi ya riga ya biya harajin asibiti tare da bizarsa, fam 776 a shekara tun daga 2024, saboda haka ya yi rajista da likitan unguwa a makon farko. Asibitocin gwajin cututtukan saduwa kyauta ne, ana zuwa ba da takardar likita ba, bayanansu kuma a keɓe suke da na likitan unguwa, kuma a can ake ba da maganin rigakafin ƙanjamau da ake kira PrEP ba tare da biyan ko kwabo ba.

Mafi munin abin da kan faru shi ne labari ya kai gida a yanke kuɗi. Kada kunya ta sa a yi shiru, domin idan bashin makaranta ya taru aka cire sunan ɗalibi, jami'a za ta sanar da ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, ita kuma yawanci kwana 60 take bayarwa a bar ƙasar. A je ofishin ɗaliban ƙasashen waje tun ranar da aka ji alama, a nemi a raba biyan kashi-kashi, a kuma tambayi asusun agajin gaggawa, ko da yake abin da ke cikinsa ba ya biyan kuɗin makaranta gaba ɗaya, kuma aikin da biza ta yarda da shi bai wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu. Wani lokaci kuma ba a yanke kuɗi, sai a ce mama ba ta da lafiya a zo gida, a tarar an sa ranar ɗaurin aure. Gwamnatin Birtaniya tana da sashen yaƙi da auren dole, wanda ke taimakon duk wanda yake cikin ƙasar ko ɗan ina ne, amma a waje 'yan ƙasarta kaɗai yake iya taimako, saboda haka kafin a hau jirgi ake kiransa.

Neman mafaka yana yiwuwa, tun da a 2010 kotun ƙolin Birtaniya, a shari'ar wani ɗan Iran da wani ɗan Kamaru, ta yanke cewa ba za a mayar da mutum gida a ce ya ɓoye halinsa don ya tsira ba. Amma wanda ya bi wannan hanya zai amsa tambayoyi masu nauyi a kan rayuwarsa, zai yi jira mai tsawo, kuma idan an ba shi, zuwa Najeriya ko da ta'aziyya ce zai iya jawo a janye matsayin. Kada a karɓi shawara a kan wannan daga abokin ɗaki ko dillalin biza. Ƙungiyar Rainbow Migration tana ba da bayani kyauta, ita ko lauya mai rajista ake fara gani kafin a cika ko da takarda ɗaya.