Yadda za ka ci moriyar kwana biyar a duwatsun Sri Lanka

In kwana biyar kacal gare ka a Sri Lanka to kar ka ɓata su a Kolombo. Kana sauka daga jirgi ka nemi mota ta kai ka Dambulla ka kwana can.

Da sassafe ka nufi Sigiriya kafin rana ta buɗe, dutse ne guda tsaye kusan mita 180, Sarki Kashyapa ya gina fadarsa a kansa tun ƙarni na 5, matakala wajen 1,200 za ka taka kuma in ka bari hantsi ya yi wallahi zafin sai ya fi hawan wahala. Da yamma sai kogwannin dutse na Dambulla, guda biyar ne, cike da gumakan Buddha sama da 150. Wurin ibadar mutane ne, za ka cire takalmi da hula, a rufe kafaɗa da gwiwa, kuma ba a juya wa gunkin baya a ɗau hoto. Ka sa safa, dutsen ƙona ƙafa yake.

Kandy kwana ɗaya ya isa, ka ga haikalin da suke ajiye haƙorin Buddha, masallatai da abincin halal ba wuya a garin.

Daga nan ka shiga jirgin ƙasa mai zuwa garin Hatton, ka sayi tikiti tun da wuri a intanet kuma ka tabbatar yana aiki don ruwan sama kan zaftaro ƙasa ya tare layin. Nan fa ido zai sha kallo, ganyen shayi ko ta ina, mata na tsinkar toho suna jefawa a buhun da ke bayansu. Wani ɗan Sikotland, James Taylor, shi ya fara noman a 1867, sannan Thomas Lipton ya sayi gonaki a 1890, sunan nan dai da muke kira wajen mai shayi kullum.

Ni dai abin da ya kai ni shi ne Dutsen Annabi Adamu, su suna ce masa Sri Pada. Tsayinsa mita 2,243, a ƙololuwar akwai wani sawu da Musulmi da yawa tun da can ke cewa na Annabi Adamu ne (AS), mabiya Buddha su ce na Buddha ne, Ibn Battuta ma ya hau a 1344. Ka sauka a tashar Hatton, bas ta kai ka Nallathanniya, ka kwanta da wuri ka fara hawa wajen ƙarfe biyun dare don ka riski fitowar rana a sama. Matakala sun haura 5,000, kar ka yi gaggawa, za ka ga tsofaffi ba takalmi suna tafe a hankali kuma su kai. Disamba zuwa Mayu ne lokacinsa, akwai fitilu da rumfunan shayi a hanya, amma ka kauce wa ranar da farin wata ya cika (tsakiyar wata) da ƙarshen mako saboda cunkoso.

Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, sanyin saman ya fi na Jos nesa ba kusa ba. Saukowa ita ke kashe gwiwa, don haka tun saura wata guda ka fara hawan bene kullum, kuma washegari kar ka tsara komai, ka wuce garin Nuwara Eliya ka miƙe ƙafa da kofin shayinka.