Kurakuran da ke kashe horon ma'aikata ta intanet, daga bakin wanda ya ƙone a kansu

Wata uku ke nan ana kirana daga Yamai, duk maganar guda ce: "Mushe, mun buɗe dandalin horo, mun zuba darussa, amma ba mai cewa uffan." Ina jin haka na san inda gizo ke saƙar, domin ramin da suka faɗa ni na riga su faɗawa, a nan Tawa, lokacin da nake kula da horon ma'aikatan wani asusun ajiya da bashi mai rassa a Kwanni, Madawa, Keita da Abalak. Na gaji da maimaita magana ɗaya a tarho, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kuskure mafi tsada shi ne zuba shugaba da na ƙasa da shi a zauren tattaunawa ɗaya na intanet. Bayan korona ta hana taro a 2020, muka kafa Moodle, wato manhajar nan ta koyarwa ta intanet, ta kyauta, da Martin Dougiamas ɗan Ostareliya ya fitar a 2002, wadda tun asali an gina ta ne a kan cewa mutum ya fi koyo in yana bayani ga ɗan'uwansa yana kuma jin nasa. Na ɗauki wannan magana a zahirinta. Na tara kowa da kowa wuri guda, tun daga darakta har sabuwar mai riƙe kes, ina ta murna wai ga haɗin kai. A mako na biyu wani yaro daga Keita ya yi tambaya a kan lissafin bashin da ya wuce wa'adi. Darakta bai amsa tambayar ba, Faransancin yaron ya gyara, a gaban kowa, har da nuna masa inda ya manta ɗigon saman harafi. Daga ranar zauren ya koma kamar maƙabarta. Ni kuwa da wautata sai na ɗauka shiru alamar an gane ne.

Ƙarshen wata ya tona asiri. Wata yarinya a reshen Madawa ta shigar da ajiyar mutane sau biyu saboda rezo ya katse tana cikin aiki, ba ta kuma san yadda ake soke na biyun ba. Mako uku tana ɗauke da abin a cikinta. Lissafi ya ƙi haɗuwa, aka tura ni na kwana biyu muna bin takardu ɗaya bayan ɗaya, aka kuma rage kuɗin horo na shekara mai zuwa tunda, in ji manya, bai tsinana komai ba. Da na tambaye ta me ya hana ta faɗa, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta ta ce: "Mushe, a gaban Darakta zan ce ban iya ba? Watana huɗu fa da fara aiki." Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a zauren nan akwai dattijuwa a Kwanni wadda za ta warware mata shi cikin minti biyu.

Wanda ya tashi a ƙasar nan ya san kunya ba ta tsayawa a bakin ƙofar intanet. Yaron da ba ya ɗaga ido a gaban babba a buro ba zai ɗaga murya a gabansa a waya ba. Yanzu ga yadda nake yi, ko wasu su ce ɓoye-ɓoye ne. Ina raba mutane biyar-biyar ko shida-shida, tsara da tsara, sai tsohon hannu guda wanda ba shi ke sa hannu a takardar ƙarin girmansu ba. Moodle na da tsarin rukuni a ware, inda ƴan wani rukuni ba sa ganin abin da wani ya rubuta. Shi nake kunnawa. Darakta kuwa duk Alhamis ina kai masa taƙaitawar tambayoyin, babu sunan kowa. Ya taɓa cewa in ba shi sunaye, na ce: "Ranka ya daɗe, ran da na ba ka, ran nan tambayoyin za su ƙare." Kuma ni nake fara tona kaina, in ba da labarin shirmen da na taɓa tafkawa, kafin in nemi wani ya faɗi nasa.

Na biyu shi ne ƙirga saƙonni. Wallahi duk wanda ya ce "sai ka rubuta sau uku a mako za ka samu takardar shaida" ya sayi ƙarya da kuɗinsa. Na yi haka. Me na girba? "Na gode, na ƙaru." "Gaskiya ne, ɗan'uwa." "An gani." Daren Lahadi, ƙarfe goma sha ɗaya, sai ka ga saƙonni na zubowa kamar ruwan Agusta, babu ko ɗaya da zai koya wa wani abu. Ku kuma masu kai rahoto Yamai sai ku zana jadawali mai hawa sama, ku ce an samu halarta. Halartar me? Kun koya wa mutane cika layi ne kawai. Tun 2006 Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke amfani da intanet, ya yi bayanin cewa a yawancin zaurukan intanet kusan 90 cikin 100 karatu kawai suke yi, 9 su tofa jefi-jefi, 1 ne ke yawancin maganar. Mai karatu shiru ba lallai malalaci ba ne, kuma tilasta masa surutu ba ya mai da shi masani.

Maganina shi ne in daina neman ra'ayi, in kawo matsala ta gaske. Misali: mai sayar da albasa ya karɓi bashin jikka ɗari biyu, farashi ya karye lokacin da kowa ya fito da tasa, ya zo yana neman a ɗaga masa ƙafa, me za ka ce masa, wace takarda za ka cika? Ina amfani da nau'in zauren tambaya da amsa na Moodle, wanda ba ya nuna maka amsar wasu sai ka aika taka, don haka babu kwafe. Bayan nan kowa ya duba aikin mutum biyu ya faɗi abu ɗaya da zai ɗauka da abu ɗaya da zai canza. Takardar shaida a kan wannan nake bayarwa.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ta kusa zama ta uku a tsada. Muna tilasta rubutu da Faransanci, alhali mutumin da ya fi kowa iya lallashin mai bashi da Hausa yake yi, wani a Abalak ma da Buzanci. Ko a dokar Nijar, tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci na aiki ne, to mu su wa da za mu hana? Ina karɓar saƙon murya ta WhatsApp, sharaɗina kar ya wuce minti biyu, kuma duk mako wani a rukunin ya rubuta gundarin abin a dandali, domin murya ba ta nemuwa in an dawo bayan wata shida.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kar ka ɗora bidiyon minti arba'in ga wanda da kuɗin aljihunsa yake sayen mega. Yanka shi guntu-guntu, ka nuna masa yadda ake sauke darasi a manhajar Moodle ta waya in ya samu rezo, ya karanta daga baya. Kar ka sa zaman Zoom da ƙarfe biyu a watan Afrilu, zafi ya haura 40, kuran ya ɗauke, waya na neman caji. Ranar Juma'a da rana ka bar mutane su huta. Gaisuwar safiya da sanarwar suna da ta'aziyya a buɗe musu gurub nasu daban, kar ka hana su, kar kuma su binne tambayar aiki. Tambaya kuma kar ta kwana biyu ba amsa, ko da "na gani, gobe zan duba" ne.

Tsohon hannun da ke jan rukuni ma aiki yake yi, ba sadaka ba. Ni na kan roƙa masa awa biyu a mako daga cikin lokacin aikinsa da kuɗin mega. Shekarar da aka hana ni wannan, dattijuwar Kwanni ta ja wata biyu tana amsa tambayoyi bayan isha'i, sannan ta kira ni ta ce: "Ƙanena, ka yi haƙuri, idona ya gaji."